Wa Ya Auna Ma'aunin Nutirino?

Ranar 23 ga Satumba, 2011, wata ƙungiyar masana fiziks mai suna OPERA ta fitar da sakamakon da ya tayar da ƙura a duniyar kimiyya. Sun ce ƙwayoyin nutirino da ake harbowa daga cibiyar CERN kusa da Jeneba, su ratsa ƙarƙashin ƙasa tsawon kilomita 730 zuwa ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, suna isa da nanosakan 60 kafin lokacin da haske zai isa. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, don haka wani zai ce abin bai taka kara ya karya ba. Sai dai tun 1905 da Albert Einstein ya kafa ƙa'idarsa, fiziks na zamani ya ginu ne a kan cewa ba abin da ke riga haske gudu a sarari. Masanan kuwa ba sakarkaru ba ne. Sun auna nisan da kuskuren da bai wuce santimita 20 ba, sun tara nutirino fiye da 15,000 cikin shekara uku, kuma sun fito fili sun roƙi takwarorinsu su taya su neman inda suka yi tuntuɓe. A Fabrairun 2012 aka bayyana inda gizo ke saƙar. Wata wayar gilashi mai ɗaukar haske, mai tsawon fiye da kilomita 8, wadda ke kai saƙon lokaci daga na'urar GPS da ke waje zuwa babban agogon da ke cikin dutse, ba a ɗaure bakinta sosai ba. Hasken da ke isa ya raunana, na'urar da ke karɓarsa ta riƙa makara da kimanin nanosakan 73, sai duk nutirinon da ya iso ya zama kamar ya yi sammako. Akwai kuma kuskure na biyu a bugun agogon kansa, wanda ya ja lissafin ta ɗaya gefen ya rage girman na farkon. Da aka gyara su biyun, nutirino ya koma bin doka.

Mutane da yawa sun ɗauki labarin abin raha, wai waya marar ɗauri ta kusa kayar da Einstein. A ganina ya wuce raha, domin ya tona wani abu da masu bin labaran kimiyya ba su cika lura da shi ba. Jaridu sun fi son girman waɗannan na'urori: tan dubu nawa na ruwa, zurfin mita nawa a ƙarƙashin dutse, kuɗi nawa aka zuba. Alhali ƙimar duk sakamakon da ya fito daga cikinsu tana rataye ne a wuyan wani aiki da ba ya shiga kanun labarai, wato daidaita awo: a ba na'ura abin da aka riga aka san ƙarfinsa da lokacinsa da wurinsa, a ji me za ta ce, a rubuta karkatarta, sannan a yarda ta yi magana a kan abin da ba a sani ba. Kuskuren awo iri biyu ne. Akwai wanda ƙarancin abin da aka ƙirga ke jawowa, shi wannan haƙuri ne maganinsa, ana ƙara tara bayanai yana raguwa. Akwai kuma wanda ke zaune a jikin ma'aunin. Idan gindin mudu ya lotsa ciki, ko sau dubu aka auna gero da shi kowane awo zai zo da tawaya iri ɗaya, yawan awon kuma ba abin da zai ƙara sai ƙarfin zuciyar mai awo a kan lissafin da ba daidai ba. Nutirino 15,000 na OPERA duk da lotsattsen mudu ɗaya aka auna su.

Kafin a ga wahalar aikin sai an san abin da ake farauta. Nutirino ɗaya ne daga cikin ƙananan ƙwayoyin da abubuwa suka ginu a kansu. Ba shi da cajin lantarki, nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektiron ba, kuma kusan ba ruwansa da komai. Wolfgang Pauli ne ya yi hasashensa a 1930, ba a kama shi ba sai 1956, lokacin da Frederick Reines da Clyde Cowan suka kafa na'urarsu a gefen tukunyar nukiliya ta Savannah River a Amurka. Rana kaɗai tana aiko da kimanin biliyan 65 su ratsa kowane murabba'in santimita a kowane sakan, dare da rana, domin kaurin duniya ba ya tare su. Babu na'urar da ke ganin nutirino kansa. Abin da ake jira shi ne, cikin wannan tururuwa, ɗaya ya yi karo da wani abu a cikin ruwa ko ƙanƙara ko wani mai na musamman, ya cillo ilektiron ko ya haifar da muwon, ɗan'uwan ilektiron da ya ninka shi nauyi sau kusan 200. A cikin ruwa haske yakan rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ƙwayar da aka cillo tana iya riga shi a can ciki ba tare da saɓa wa Einstein ba, kuma idan ta yi haka sai ta saki wani shuɗin haske mai rauni. Wannan hasken ake tara wa idanun gilashi masu mayar da shi bugun lantarki. Abin da na'ura ke rubutawa uku ne kawai: wane ido ya gani, a wane lokaci, da wane ƙarfi. Duk sauran maganar, daga ina nutirinon ya fito, wane iri ne, nawa ne kuzarinsa, lissafi ne da aka ɗora a kan waɗannan ukun.

Ɗauki Super-Kamiokande na Japan, wanda ya fara aiki a 1996 a cikin wata mahaƙar ma'adinai a lardin Gifu, ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,000. Tanki ne na ƙarfe mai tsayin mita 41 da faɗin mita 39, cike da tan 50,000 na tataccen ruwa, an jera idanu fiye da 11,000 a bangonsa na ciki, kowanne faɗinsa rabin mita. Idan nutirinon rana ya bugi ilektiron a cikin wannan ruwa, 'yan gomomin idanu ne kawai za su ga wani abu, kuma yawanci ɗigon haske ɗaya tak kowanne zai samu. Daga bambancin lokacin da hasken ya isa kowane ido ake gano wurin da karon ya faru, haske kuwa yana cin kimanin santimita 22 a cikin ruwa a nanosakan ɗaya. To idanun ba ɗaya suke ba. Wani ya fi wani jin haske, wani ya fi wani saurin amsawa, ido ɗaya ma yakan amsa da wuri idan hasken ya yi ƙarfi, ya makara idan ya raunana, wato irin ciwon da ya kama OPERA. Saboda haka ake zura wata 'yar ƙwallo mai watsa haske zuwa tsakiyar tankin, a riƙa haska ta da leza a lokacin da aka sani, ana ƙara ƙarfin hasken ana ragewa, har kowane ido ya samu nasa jadawalin gyara. Maganaɗisun duniya ma yana karkatar da aikin idanun, shi ya sa aka naɗe tankin da wayoyin lantarki masu kashe yawancin tasirinsa. Sai kuma ruwan kansa. Tsabtarsa ta kai haske ya yi tafiyar kusan mita 100 kafin ya dushe sosai, amma wannan tsabta ba ta tsaye wuri ɗaya; tana sauyawa da yadda injin tacewa ke aiki, kuma ruwan sama da na ƙasan tankin sukan ɗan bambanta. Wannan bambanci na sama da ƙasa ba ƙaramin haɗari ba ne, domin ɗaya daga cikin abubuwan da masanan ke nema shi ne ko nutirinon rana na dare, wanda ya ratso duniya ya shigo ta ƙasa, ya bambanta da na rana da ke shigowa ta sama. Ruwan da ba a san halinsa ba yana iya ƙirƙiro wannan bambanci daga babu. Don haka ake harba leza masu launi daban-daban cikin ruwan ba ƙaƙƙautawa, ana bin halinsa.

Sanin wuri da lokaci bai isa ba, sai an san ɗigon haske nawa ne daidai da kuzari nawa. A nan masanan Japan suka yi wata dabara mai burgewa. Sun samo injin harba ilektiron da asali aka ƙera don jinya a asibiti, suka kafa shi a wani rami kusa da saman tankin, suka bi da ilektiron ɗin ta cikin dogon bututu zuwa wurare daban-daban a cikin ruwan. An rage ƙarfin harbin har ya zama yawancin bugu ba ya sakin komai, idan ya saki kuma ɗaya ne, mai kuzarin da aka riga aka auna, tsakanin 5 zuwa 16 a ma'aunin kuzari na MeV, wato daidai zangon nutirinon rana da tankin ke iya gani. Aibin injin shi ne ƙasa kawai yake harbawa, kuma a 'yan wurare. Don haka aka kawo hanya ta biyu: wata ƙaramar na'ura da ake zurawa cikin ruwan ta feso ƙwayoyin nutiron, waɗanda ke mayar da wasu atam na oksijin ɗin ruwan zuwa naitirojin-16. Rabin wannan naitirojin kan rikiɗe cikin sakan 7, yana sakin haskoki ta kowace fuska, kuma da zarar an yi fesin sai a janye na'urar sama don kada ta yi inuwa. Hanya ta uku kyauta ce daga sama: muwon da haskokin sararin samaniya ke haifarwa suna ratso dutsen su shigo tankin kimanin biyu a kowane sakan. Wasu sukan tsaya a ciki su rikiɗe su saki ilektiron, kuma an daɗe da sanin yadda kuzarin wannan ilektiron yake rarrabuwa. Da haɗin waɗannan hanyoyi aka san ma'aunin kuzarin nutirinon rana da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Su Japan aƙalla su suka tace ruwansu, kuma suna iya zubar da shi su shiga su yi gyara. Masu IceCube a ƙuryar kudancin duniya, a Antatika, ba su da wannan gata. Sun huda ƙanƙara da ruwan zafi, suka zura igiyoyi 86 ɗauke da idanu 5,160 tsakanin zurfin mita 1,450 da 2,450, aka kammala a Disamban 2010, ƙanƙara ta sake daskarewa a kansu. Ba mai sake taɓa ko ɗaya. Ƙanƙarar kuwa ba masana'anta ce ta yi ta ba, dusar dubban shekaru ce da ta taru, kowane zamani da irin ƙurar da iska ta kawo. Gwajin da ya gabata a wurin, AMANDA, ya fara ne a zurfin mita 800 zuwa 1,000, aka tarar kumfar iska ta cika ƙanƙarar, haske ba ya tafiya ko mita ɗaya sai ya warwatse, dole aka nutsa ƙasa. A can ƙasan ma akwai wani kauri mai ƙura a wajen mita 2,000 da ke dusashe haske ƙwarai. Shi ya sa aka saka wa kowane ido ƙananan fitilu 12 a jikinsa: ɗaya ya haska, maƙwabtansa su faɗi yaushe suka gani da wane ƙarfi, a haka aka zana taswirar ƙanƙarar mataki-mataki. Fitilun nan ne suka nuna abin da ba a yi tsammani ba, cewa haske ya fi isa ta fuskar da ƙanƙarar ke gangarawa a hankali, kimanin mita 10 a shekara, fiye da ta gicciye. Daga baya aka danganta haka da yadda ƙwayoyin ƙanƙarar suka jeru suna karkatar da haske. Don tabbatar da cewa na'urar tana nuna sama daidai kuwa, wata aka sa ya zama shaida. Wata yana tare haskokin sararin samaniya, sai muwon da ke zuwa daga inda yake su ragu kaɗan. An nemi wannan inuwa a cikin bayanai, aka same ta a inda masana taurari suka ce wata yake.

Mai shakka zai ce duk wannan da kyau, amma leza ba nutirino ba ce, ilektiron ɗin injin asibiti ma haka. An gwada na'ura da abin da ba shi za ta auna ba. Rabin wannan suka ba ta da ƙafa, domin kamar yadda aka gani na'urar ba ta taɓa ganin nutirino ba, ilektiron take gani, kuma ilektiron ɗin da inji ya harbo da wanda nutirino ya cillo ba su da wani bambanci idan kuzarinsu ɗaya ne. Ɗaya rabin kuwa gaskiya ne. Kowace hanyar gwaji tana da nata makanta: bututu yana yin inuwa, kwanson da aka rufe sinadari a ciki yana shanye wani abu, muwon daga sama kawai suke zuwa. Amsar ita ce a tara hanyoyin da makantarsu ba iri ɗaya ba ce, domin da wuya kurakurai uku masu asali daban su haɗa baki su ba da lamba ɗaya. OPERA ma ta wannan hanya aka tabbatar da ciwonta. A lokacin, a cikin dutsen Gran Sasso akwai wata na'ura mai suna LVD, kimanin mita 160 daga OPERA, mai nata agogon. Wasu muwon da ke zuwa a kwance sukan ratsa su biyun ɗaya bayan ɗaya. Da aka kwatanta lokutan da kowace ta rubuta tsawon shekaru, sai aka ga agogon OPERA ya goce tun tsakiyar 2008, ya zauna a goce har ƙarshen 2011. An auna jinkirin wayar nan kafin a fara tara bayanai, ba a sake ba sai bayan an yi shela. Laifin ke nan: an ɗauki daidaita awo aikin yi sau ɗaya.

Labarin Raymond Davis shi ne ɗaya gefen tsabar, kuma ya fi na OPERA muhimmanci a wurina. A shekarun 1960 Davis ya kafa tanki mai tan 615 na ruwan wankin tufafi na zamani, mai ɗauke da kulorin, a mahaƙar zinariya ta Homestake a jihar Dakota ta Kudu, kusan mita 1,500 a ƙarƙashin ƙasa. Nutirinon rana yakan mayar da atam ɗin kulorin zuwa argon-37, amma kimanin atam ɗaya ne a kwana biyu. Bayan wata biyu ko uku sai ya busa iskar hiliyam cikin tankin ya kwaso atam goma sha wani abu daga cikin wannan teku, ya ƙirga su. Tun 1968 lissafinsa ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da John Bahcall ya lissafa cewa rana tana aikowa. Zargi mafi sauƙi shi ne argon ɗin yana maƙalewa a cikin tankin. Davis bai tsaya musu ba, ya riƙa amsawa da gwaji. Kafin kowane zango yakan zuba ɗan argon na wani nau'i da ya san yawansa, ya ga nawa zai dawo, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari kan dawo. Ya zuba 'yan ɗaruruwan atam na argon-37 da aka ƙirga, ya kwaso su. Ya sa abin da ke feso nutiron a cikin tankin don a haifi argon-37 a can ciki, ya kwaso. Da aka ce wataƙila argon ɗin da aka haifa daga jikin sinadarin yana ɗaurewa da shi, sai aka haɗa sinadarin da kulorin-36, wanda ke rikiɗewa da kansa ya zama argon, aka ga shi ma yana fitowa. Shekara talatin yana riƙe da lambar da mutane da yawa suka ɗauka kuskure ce.

Waraka ta zo daga Sudbury a Kanada, inda aka ajiye tan 1,000 na ruwa mai nauyi cikin wata ƙatuwar ƙwallon roba mai haske, kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa. Nutirino iri uku ne, rana iri ɗaya take haifarwa, tankin Davis kuma wannan irin kaɗai yake ji. Na'urar Sudbury tana iya ƙirga wannan irin daban, ta kuma ƙirga jimillar ukun. A 2001 da 2002 ta nuna cewa jimillar ta dace da lissafin Bahcall, kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke isowa da kamannin da ya baro rana da su. Sauran sun rikiɗa a hanya. Davis ya samu kyautar Nobel a 2002, Arthur McDonald na Sudbury da Takaaki Kajita na Super-Kamiokande suka samu a 2015. Sai dai ƙirga jimillar ya dogara ne kan ƙirga nutiron, don haka sai da aka san kashi nawa na nutiron na'urar ke kamawa, ta hanyar yawo da ɗan kaliforniyam-252 da aka san yawan abin da yake fitarwa, ana jansa da igiyoyi daga wuri zuwa wuri. Ɗan burbushin yuraniyam ko toriyam daga ƙurar mahaƙar yana iya haifar da nutiron na bogi, shi ya sa duk mai shiga ɗakin sai ya yi wanka ya sauya tufafi.

A nan ne suka ta biyu take shigowa, kuma ta fi ta farko cizo. Idan masana ne ke juya ma'auni da hannunsu, me zai hana su juya shi har sai ya ba da amsar da suke so? Ba sai an yi maganar ha'inci ba. Ɗan Adam yakan tsananta bincike idan sakamako ya ba shi mamaki, ya saki jiki idan ya zo yadda ya zata. A tuna kurakuran OPERA biyu ne masu ja ta fuskoki biyu. Da sun yi daidai sun kashe juna, da nutirino ya fito yana tafiya da saurin haske, da ba wanda ya je duba bakin wata waya. Wannan haɗari na gaske ne, kuma masanan sun san da shi. Maganin da suka samo shi ne su rufe wa kansu ido. A Sudbury, a zangon da aka zuba tan 2 na gishiri a cikin ruwan don ƙara kama nutiron, an ɓoye wani kaso na bayanan da masu nazari ba su san girmansa ba, aka kuma cusa wasu nutiron na daban da ba su san yawansu ba. Sai da aka gama daidaita komai, aka kulle hanyoyin lissafi, sannan aka cire lulluɓin. Wanda bai san inda amsa take ba, ba zai iya tura ma'auni wajenta ba.

Akwai wurin da hujjata ke gamuwa da gardama mafi wuya, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Sau kaɗan an taɓa gwada na'ura da nutirino na gaske da aka san yawansa. Gwajin GALLEX a Gran Sasso ya yi amfani da tan 30 na galiyam, wanda nutirino ke mayarwa jarmaniyam-71. A 1994, da kuma shekarar da ta biyo, aka kai kuromiyam tukunyar nukiliya ta Grenoble a Faransa aka mayar da wani sashensa kuromiyam-51, mai fitar da nutirino, aka auna ƙarfinsa, aka zura shi tsakiyar tankin. Gwajin SAGE a Baksan ta Rasha ya yi irin haka da kuromiyam, sannan da argon-37 a 2004. Da aka haɗa gwaje-gwajen huɗu, abin da aka ƙirga ya gaza abin da aka zata da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Aka gina wani gwaji na musamman mai suna BEST a Baksan don warware zancen, sakamakonsa da aka fitar a 2021 ya nuna giɓin kimanin kashi 20. To wa ya yi kuskure? GALLEX ta taɓa zuba asenik-71, mai rikiɗewa ya zama jarmaniyam-71 a cikin tankin, ta kwaso kusan dukkansa, don haka da wuya a ɗora laifin kan kwasowa. Wasu na ganin akwai nutirino na huɗu da ba ya karo da komai, wanda wasu daga cikin na kuromiyam ke rikiɗewa su zama. Amma gwaje-gwaje da dama a gefen tukwanen nukiliya sun nemi alamarsa a inda ya kamata ta bayyana ba su gani ba. Ni na fi karkata ga cewa matsalar tana cikin lissafin yawan karon da ake zato tsakanin nutirino da galiyam, ko a wani lungu na awon da ba a haska ba tukuna, ko da yake an sake auna saurin rikiɗar jarmaniyam-71, wanda lissafin ya dogara a kansa, bai sauya yadda zai cike giɓin ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin lura shi ne wannan giɓi bai rushe hujjar daidaita awo ba. Ba don an yi gwajin ba, da ba a san akwai abin tambaya ba.

Masu cewa aikin yana cin lokaci da kuɗin da ya kamata a sa wajen ƙara girman na'ura, amsarsu gajeriya ce. A Daya Bay ta ƙasar Sin an gina na'urori iri ɗaya, wasu kusa da tukwanen nukiliya wasu nesa, aka riƙa zura musu sinadaran gwaji kowane mako don a tabbatar suna magana da murya ɗaya. Da bayanan kwana 55 kacal, a Maris na 2012, suka nuna ragin kashi 6 cikin ɗari a na nesa, suka auna wata lamba ta rikiɗar nutirino da aka daɗe ana nema. IceCube kuwa ba ta ƙara ko igiya ɗaya ba lokacin da ta sanar a 2022 cewa ta ga alamar nutirino kusan 80 daga tarin taurarin NGC 1068. Tsofaffin bayanai aka sake tacewa da sabon sanin halin idanun da ingantaccen lissafi. Na'urar JUNO da ta fara aiki a Agustan 2025 a lardin Guangdong, mai tan 20,000 na mai na musamman, tana neman wasu ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe ne a jerin kuzarin nutirino, waɗanda za su ɓace idan ma'aunin kuzarin ya goce da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. Tun a zanen gininta aka tanadi hanyoyi huɗu na kai sinadarin gwaji lungu-lungu, har da ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa da ake sarrafawa daga nesa.

Ranar 13 ga Fabrairu, 2023, na'urar KM3NeT da ake ginawa a ƙasan tekun Bahar Rum, zurfin kusan mita 3,500 a gefen tsibirin Sisili, ta ga wani muwon da ya ratsa ta kusan a kwance. A lokacin igiyoyi 21 ne kawai ke aiki cikin 230 da aka tsara. Nazarin da aka buga a Fabrairun 2025 ya ce nutirinon da ya haife shi ya fi duk wanda aka taɓa gani kuzari. Igiyoyin wannan na'ura ba a daskare suke ba, ruwa yana kaɗa su, don haka ana bin matsayinsu da ƙarar da wasu na'urori da aka dasa a ƙasan teku ke fitarwa, lokacin idanun kuma ana daidaita shi da ɗan hasken da fotasiyam-40 na gishirin teku ke samarwa da kansa. Hasken muwon ɗin ya yi yawan da lissafi zai iya fitar da hanyarsa a cikin na'urar da kyau ƙwarai. Amma da aka zo nuna wurin a sama, sai da'irar shakku ta kai digiri 1.5, wato ninki uku na faɗin wata, kuma yawancin wannan shakku ya fito ne daga rashin sanin ainihin fuskar da na'urar gaba ɗaya ta dosa a ƙasan teku. A cikin wannan da'ira akwai abubuwa da dama da za a iya zargi, ba a iya tsayar da ko ɗaya ba. Masu gwajin sun ce za su koma teku su auna matsayin na'urorin ƙara da kuskuren da bai kai mita ɗaya ba, sannan su sake lissafa hanyar muwon ɗin daga bayanan da aka riga aka adana tun 2023.